Yaƙi da Kansa

Kujera biyu ce a shagon askin, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma tagwaye ne masu shagon. Kamarsu ɗaya, har muryar. Masu zuwa aski sun gaji da tambayar wane ne wane, sai suka koma kiran kowa da kujerarsa: Na-Dama da Na-Hagu. Sunan ya bi su har gida, matansu ma da shi suke kiran su.

Na-Hagu ne ya fara fitowa duniya, kuma tun ranar bai daina riga ɗan'uwansa ba. Shi ya fara haƙori, shi ya fara aure, shi ya fara furfura, shi ya fara sa tabarau. Turmin haƙorin da aka cire wa Na-Hagu, shi ɗin dai aka cire wa Na-Dama kafin shekara ta zagayo. Abin dariya suka mayar da shi.

"Wuce gaba ka gano mini hanya," in ji Na-Dama. "In da rami ka faɗa mini."

Shago cike da madubi, amma ba wanda ya taɓa damuwa da kallon fuskarsa a ciki. Ba amfani. Junansu suke yi wa aski duk ƙarshen mako, kuma in Na-Dama na son sanin yadda ya tashi yau, sai ya juya kai hagu.

Sai shawara ta kama Na-Hagu. Da ƙaiƙayi ta fara, irin wanda farce ba ya kai wa gare shi. Fitsari ya koma kamar shayin da aka manta a wuta. Bayan gida ya yi fari. Ido ya yi rawaya, fata ta bi, nama ya zube. Aka kai shi asibiti, aka ɗauki hoton cikinsa daga waje, aka ga ƙulli. Na-Dama ne likitan ya yi wa bayani, a tsaye, a bakin ƙofa, ana ta wucewa da marasa lafiya a kan gado mai taya, likitan kuma na sauri. Maganar ta yi ɗan tsawo, amma kalma ɗaya Na-Dama ya kawo gida: kansa, wato ciwon daji. Ya ɗauko ɗan'uwansa ya mayar da shi ɗakinsa, don ya ce ba za a yi ta yanka shi a banza ba. Shi ya yi masa askin ƙarshe a kan gado, yana ja fatar da yatsa don reza ta samu wurin bi.

Bayan rasuwar, sai da ya yi watanni yana karɓar gaisuwar mutuwar kansa.

"Ashe Na-Dama lokaci ya yi? Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki."

"Ni ne Na-Dama."

"Af! To... Allah ya ji ƙan ɗayan."

Bai sayar da kujerar hagu ba, bai kuma ɗauki wani ya zauna a wurin ba. Kullum sai ya goge ta. Dole ta sa ya koyi yi wa kansa aski a madubi, amma irin kallon masu sana'a yake yi: haɓa daban, kunci daban, ƙasan hanci daban. Mai aski fata yake gani da gashi. Yana iya gama mutum tas bai ga fuskarsa ba. Da wannan dabara ya ci shekaru.

Ran nan da safe yana cikin shafa kumfa sai ya lura hannunsa na hagu na ta susar cinyarsa. Ya tsaya. Ya tuna ya kwana biyu yana wannan susar, har matarsa ta canza sabulun wanki. Ya matsa kusa da madubi, ya ja fatar ƙasan idonsa.

Farin idon ya yi kalar tsohuwar takarda.

Ya ja da baya, sai fuskar ta haɗu gaba ɗaya. Na-Hagu ne a ciki, da kumfa a haɓa, da reza a hannu. Ba Na-Hagu mai ƙiba mai tsokanar mutane ba. Na farkon ciwo, wanda bai riga ya sani ba tukuna.

Na-Dama ba mutum ne mai tsoron inuwa ba. Ya gama askinsa, ya wanke reza, ya ce wa madubin, "To. Na ji."

Bai gaya wa kowa ba. Me zai faɗa? Ya san hanyar daki-daki, ya raka wani ya bi ta. Da fitsarin ya canza bai yi mamaki ba. Da wando ya fara zamewa sai ya huda sabon rami a bel. Ya koma sa baƙin tabarau a shago, ya ce hasken fitila ne ke damunsa. In ba kowa sai ya cire, ya tsaya gaban madubi. Kullum na cikin ya ƙara matsowa ga yadda ya san shi a ƙarshe. Maganar gaskiya, ba tsoro kaɗai yake ji ba. Shekaru ke nan bai ga ɗan'uwansa ba, ga shi yanzu kullum suna tare. Har labari ya koma ba shi: wane ya mutu, wane ya yi sanƙo, injin askin da suka saya tare ya fara cin gashin mutane.

Akwai wani direban babbar mota da ya daɗe yana aski a wurinsu, mai baki kamar rediyo. Shi ya fara tona shi. Yana kwance a kujera, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, sai ya leƙa ta ƙasan tabarau.

"Kai, Na-Dama. Cire gilashin nan."

"Rufe baki in gyara maka gashin bakin."

"Wallahi fitilun gabanka sun yi rawaya. Bari in ba ka shawara."

"Riƙe abarka. Ina da ita har ido."

Direba ya buɗe baki zai yi dariya, sai dariyar ta maƙale. Ya dubi kujerar hagu. Da ya fita bai nufi motarsa ba. Titi ya tsallaka.

A tsallaken titin akwai shagon ɗinki na 'yar Na-Hagu. Sunan mahaifiyar tagwayen aka sa mata, shi ya sa daga uban har ƙanin uban ba mai kiran ta sai Uwata. Mace ce mai 'ya'ya yanzu, mai kaifin harshe irin na ubanta. Tun da ya rasu ba ta ƙara sa ƙafa a shagon askin ba. Daga bakin ƙofa take gaisuwa, idonta a ƙasa. Mutane na cewa kunya ce. Na-Dama ya san ba kunya ba ce, fuskar ce ba ta iya kallo.

Ta zo ta tsaya inda ta saba, tef ɗin awo a wuyanta.

"Baba Ƙarami, cire tabarau."

"Yau kowa tabarau ɗina yake so."

"Cire."

Ya cire. Ta ɗaga ido ta dube shi, karo na farko cikin shekaru. Sai ta dafa ƙofa.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Inna ta sani?" Matarsa take nufi.

"Ta ɗauka sabulu ne."

"Gobe za mu asibiti."

"A yi me? A ɗauki hoto, a ce kansa, mu dawo? Na san hanyar, Uwata. Babanki ya gano mini ita."

"Ni ba ruwana da wasanku na tagwaye," ta ce. Ba ta yi kuka ba. "Na zauna na ga fuskar nan ta ƙare sau ɗaya. Ba zan sake ba. In mutuwar kake so, sai dai ka je ka yi da wata fuskar, ba ta babana ba."

Washegari suka tafi.

Ba asibitin da aka kai Na-Hagu ba ne, wani ne babba. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, aka ce su dawo, suka dawo. Likitar mace ce, gajeruwa, mai furfura a gefen kai. Na-Dama ya lura da sauri take magana amma hannunta ba ya sauri. Ta ɗauki biro ta yi masa zane a bayan wata takarda.

"Ga hanta. Ita ke yin ruwan ɗaci, maɗaciya ta tara shi. Akwai 'yar hanya siririya da ke kai shi hanji. Kafin ta isa, sai ta ratsa ta cikin wata tsoka da ke kwance a bayan tumbi. Fankiriyas ake ce mata."

"Ban taɓa ganin ta a wurin mahauta ba."

"Tana nan, ba ka tambaya ba ne. Taka ta kumbura a nan, ta shaƙe hanyar. Ɗacin ya rasa mafita ya koma jini. Shi ne a idonka, shi ne ke sa ka susa."

"Kansa ke nan."

"Ban ce ba."

"An ce wa ɗan'uwana."

"Ni ban ce maka ba, malam. Hoto daga waje ƙulli kawai yake nuna mini, ba ya gaya mini ko na mene ne. Sai na shiga."

"Ba za a yanka ni ba."

"Wa ya ce yanka? Ta baki zan bi."

Ta yi bayani. Tiyo ne mai kaurin ɗan yatsa, da fitila da kyamara a bakinsa. Zai bi maƙogwaro ya wuce tumbi ya tsaya daidai inda hanyar ɗacin ke fitowa. Daga nan za ta duba tsokar ta kusa, ta sa siririyar allura ta tsinko ɗan nama a kai a bincika. Sannan ta zura ɗan bututun roba a hanyar da ta shaƙe, ɗacin ya samu ya wuce. Ba ta ɓoye masa ba: wani lokaci tsokar kan fusata bayan aikin, wani kan yi jini, shi ya sa za su riƙe shi su gani.

"Ina kallo za a cusa mini wannan?"

"Za ka yi barci."

"Ni fa," in ji Na-Dama, "shekaru nawa ina ɗora wa mutane reza a maƙogwaro, ba wanda na taɓa sa wa barci."

"Shi ya sa ni ba na zuwa wurinka," in ji likita.

Uwata ta yi 'yar dariya ta hanci. Na-Dama ya yarda, amma ba don ya gamsu ba. Don ita ya yi.

Ranar aikin aka hana shi ci da sha. Aka ba shi wata riga mai ɗauri a baya, abin da ya fi ɓata masa rai a duk lamarin. Ɗakin da sanyi, ga allon talabijin a sama, ga tiyon baƙi a rataye kamar wanda ake ba fulawa ruwa da shi. Wata nas ta sa masa roba mai rami tsakanin haƙora.

"Baba, juya ka kwanta ta hagu."

Ta hagu. Ya so ya ce wani abu amma robar ta hana. Aka tura magani a jijiyar hannunsa.

Sai ga shi a shago, a kujera, kansa a jingine baya. An ɗaura masa ƙyalle. Yatsu biyu suka tallafi haɓarsa suka ɗaga, yatsun da ya sani, masu warin hoda. Reza ta sauka a maƙogwaronsa, sanyi, a hankali, daga ƙasa zuwa sama yadda Na-Hagu kaɗai ke yi. Ya ce, "Akwai rami a gaba?" Bakin Na-Hagu na motsi, yana ta faɗin wani abu mai tsawo, amma injin aski na ƙara a wani wuri, ba a jin komai. Na-Dama ya ce, "Ɗaga murya." Sai ƙyallen ya zame.

Ya farka maƙogwaro na zafi, Uwata na zaune gefen gado tana warware bakin wata riga da ta zo da ita.

Cikin 'yan kwanaki susar ta lafa, fitsari ya fara washewa. Matarsa, wadda yanzu ta san komai kuma ta yi fushinta ta gama, sai murna take. Na-Dama bai taya ta ba. Na-Hagu ma ya samu 'yan kwanakin sauƙi a tsakiya, har ya nemi a kawo masa almakashinsa. Likitar da bakinta ta ce bututun hanya kawai ya buɗe, bai taɓa ƙullin ba. Amsa na wurin ɗan naman da aka tsinka.

Ranar karɓar sakamako, nas ta tare shi a hanya ta ce sai an auna nauyinsa an duba hawan jini. Uwata ta riga shi shiga. Da ya gama ya nufo ofishin, takalmi ɗaya bai gama shiga ƙafa ba, sai ya tarar ƙofar a buɗe kaɗan. Ya tsaya gyara takalmin. Muryar likita ta fito, da saurin nan nata.

"...naman ya nuna, jinin ma ya nuna. Ba shakka a ciki. Jikinsa ne ke yaƙi da kansa."

Uwata ta ce wani abu ƙasa-ƙasa.

Na-Dama ya gama sa takalminsa. Bakin ƙofa, a tsaye, ana wucewa da gado mai taya a bayansa. Har warin maganin goge ƙasa iri ɗaya ne. Bai ji komai ba sai wani irin sauƙi, kamar mutumin da ya daɗe a tasha motarsa ta iso. Ya juya ya sauka matakala ya fita.

Shago ya wuce. Bai kunna fitila ba, hasken rana ta ƙofa ya isa. Ya goge injina, ya ɗiga musu mai, ya jera matazai. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya zauna a kujerar hagu. Ta lotsa daidai jikinsa, ba sai an gyara tsayinta ba. Ya dubi madubin wannan ɓangaren.

"Ga ni nan," ya ce. "Ka cika gaggawa, amma ga ni nan."

Yana nan zaune har inuwar ƙofa ta matsa. Sai ya ji takun sauri, aka banko labule. Uwata ce, tana haki, da 'yar leda a hannu. Sai da ta kai tsakiyar shagon sannan ta gane ta shigo. Ta gan shi a kujerar ubanta, ta ja numfashi.

"Tashi daga nan."

"Uwata..."

"Ka tashi, na ce! Na zagaye asibiti kamar mahaukaciya, har banɗakin maza na leƙa. Ina ka shiga?"

Ya tashi ya koma tasa. "Na ji abin da ta ce. Ba sai an maimaita mini ba."

"Me ka ji?"

"Jikina na yaƙi da kansa."

"Haka ta ce."

"To."

"To me?"

"To shi ke nan. Yaƙin da babanki ya yi. Mun ga wanda ya ci."

Ta tsaya tana kallonsa, baki a buɗe. Ta maimaita maganar a hankali, ita kaɗai. Sai ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Allah. Baba Ƙarami! Kansa fa ta ce. Kansa, shi da kansa! Kamar a ce mutum ya mari kansa. Jikinka ne ke yaƙi da kanka!"

"Kar ki yi mini wayon asibiti."

"Wane wayo? Ba ciwon daji ba ne! Ta ce masu gadin da ke cikin jini, waɗanda aikinsu korar cuta, su ne suka rikice suka far wa tsokar nan taka kamar baƙuwa. Shi ne ta kumbura. A hoto kamarsu ɗaya da ciwon daji, ba mai bambanta su sai an shiga an tsinko nama. Ta ce ba kasafai ake samun irinsa ba." Ta girgiza ledar a gabansa. "Ƙwaya ce maganinsa. Ƙwaya! Ga ta nan. Ta ce kumburin zai sace."

Na-Dama ya karɓi ledar ya leƙa. Ƙananan ƙwayoyi farare, ko maɓallin riga ya fi su girma.

"Kansa," ya ce.

"Kanka."

Dariya ta kama ta. Ta yi ta yi har ta durƙusa ta riƙe hannun kujera. "Mutum ya tsaya laɓe a bakin ƙofa, ya tsinci rabin magana, ya tafi gida ya mutu! Wallahi sai na gaya wa Direba, gari duk sai ya ji." Shi ma bakinsa ya fara motsi.

Ita ta fara daina dariyar. Hannunta na kan kujerar hagu. Ta dubi hannun, ta dubi kujerar, ta miƙe a hankali.

"Baba Ƙarami."

Ya san abin da za ta tambaya. Ya riga ta isa wurin.

"Likitan Baba. Ranar nan. Me ya ce maka?"

"Kansa."

"Na sani. Me ya ce kafin kansa?"

Ya nemi maganar. Yana ganin ƙofar, launin toka. Yana ganin biro a aljihun likitan, da agogon da yake ta dubawa. Yana ganin bakin mutumin na motsi. Amma abin da ya zo kafin kalmar, da abin da ya biyo bayanta, babu. Ko ya ce "yana da kansa", ko "ya yi kama da kansa", ko wani abu ne da ya ƙare da "kansa" kawai. Kamar ma an yi zancen su dawo a ƙara wani gwaji. Ko kuwa yanzu ne kansa ke ƙirƙiro wannan?

"Ban sani ba," ya ce.

Ta ɗauko kofin da yake jiƙa burushi a ciki, ta wanke shi tas a famfo, ta cika da ruwa ta miƙo masa.

"Ta ce da safe ake sha, bayan an ci abinci," in ji ta. "Amma ni sai na ga na yau ya wuce."

Ya sha.

Da suka koma wurin likita, Uwata ta ba ta labari. Likitar ba ta yi dariya ba. Ta cire tabarau ta murza ido, ta ce daga yau ta daina faɗin maganar haka. Ta ja masa kunne: kar ya yanke maganin kai tsaye, a hankali za a riƙa rage shi, zai iya tayar masa da suga, don haka za a riƙa dubawa, bututun roba ba na zama ba ne, sai ya dawo an cire, ciwon kuma yakan dawo wa wasu. Ya saurara har ƙarshe, a zaune, ƙofa a rufe. Sannan ya yi tambayarsa.

"Ɗan'uwana. Tagwaye muke. Komai namu ɗaya."

"Ban gan shi ba, malam."

"Amma zai yiwu?"

"Mafi yawan masu ƙulli a wurin nan, ciwon daji ne da gaske. Naka ne bare. Kuma kasancewarku tagwaye bai sa dole ciwonku ya zama ɗaya ba." Ta ajiye biro. "Zai yiwu. Zai yiwu kuma ba haka ba ne. In na ce maka e, ƙarya na yi. In na ce a'a, ƙarya na yi."

"Ba yadda za a gane?"

"Babu."

Wannan ke nan.

A shago ya ajiye maganin, a aljihun tebur tare da reza. Kullum da safe, bayan ya karya, sai ya tsaya gaban madubi ya ɗaga ƙwayar tsakanin yatsu biyu.

"Ka gan ta? 'Yar wannan."

Na cikin madubin ya duba.

Rawayar ta janye daga fata, sannan daga ido. Ci ya buɗe masa har matarsa ta fara ƙorafi. Ya koma tsohon ramin bel, ya wuce shi. Maganin kuma ya yi abin da likita ta ce yakan yi: ya kumbura masa fuska. Kunci ya cika, haɓa ta ninku, ido ya shige ciki. Direba ya ce ya koma kamar tayar da aka yi wa iska fiye da kima. Uwata kuwa yanzu shigowa take kanta tsaye, ta zauna a benci da ɗinkinta, ta dube shi ido cikin ido tana masa tsiya. Fuskar ba ta babanta ba ce kuma. Na-Hagu bai taɓa yin irin wannan fuska ba, ko da ƙibarsa.

Wata safiya Na-Dama ya ɗaga ƙwayar kamar kullum, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga ba kowa. Wani dattijo ne mai zagayayyar fuska a ciki, wanda bai sani ba. Ya matsa kusa, ya ja baya, ya karkata kai. Ya nemi ɗan'uwansa a goshi, a gefen baki, a ƙasan ido. Ya tafi.

Ya daɗe a tsaye. Ba wanda ke gaba yanzu. Duk abin da zai zo, haƙori ne ko ido ko ƙafa, shi zai fara taka shi. Ya kuma san wani abu da ba zai taɓa gaya wa Uwata ba: in ya mayar da ƙwayar nan aljihun tebur, ya yi haka gobe da jibi, mai yiwuwa rawayar ta dawo, na cikin madubin ya dawo tare da ita. Wataƙila ma a wannan karon ya ɗaga murya a ji abin da yake faɗa.

Daga tsallaken titi keken ɗinki ya fara ƙara.

Ya jefa ƙwayar a baki ya kora da ruwa. Ya ɗauki tsumma ya goge kujerar hagu. Mutumin farko ya shigo ya zauna, Na-Dama ya ɗaura masa ƙyalle, ya kunna inji, ya fara daga ƙeya.

"Magana kake, maigida?" in ji mutumin.

"A'a. Sunkuyar da kai."

Leɓensa ne ke motsi. Yana gwada maganar da muryar wancan likitan, a bakin waccan ƙofar, ya sa wannan kalma a gaba, ya cire, ya sa wata, ko zai dace da wadda aka faɗa.